Ganyen Kiratom da Maganin Yaye Jarabar Ƙwaya: Abin da Likitoci Suka Gano da Abin da Fiƙihu Ya Tanada



A ƙarshen watan Yulin 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta nemi a saka wani sinadari mai suna 7-OH cikin jerin ƙwayoyin da doka ta tsananta a kansu. Tushen wannan sinadari ganyen wata bishiya ne da ake kira kiratom, kuma a jihohi da dama na ƙasar ana sayar da shi a fili, a gidajen mai da shagunan sigari, wani a ƙwaya, wani a alawa, wani a 'yar kwalba kamar lemo. Labarin bai yi amo a wajenmu ba, domin ganyen ba na ƙasarmu ba ne. Sai dai mun ga ya dace mu tsaya a kansa saboda dalilai da ba su da nisa da mu. Mahaifar bishiyar ƙasashe ne da Musulmi suka yi yawa a cikinsu, 'ya'yanmu da dama suna karatu a Malesiya inda ake dafa ganyen ana sha, sannan tambayar da ya tayar ta shafi kowane gida da Allah Ya jarraba da ɗa ko miji mai shan tiramol ko kodin: da me ya halatta a yaye wanda ƙwaya ta kama, kuma me ke faruwa idan ya haɗa maganin likita da nasa maganin a ɓoye?

Kiratom bishiya ce mai tsayi daga dangin bishiyar kofi, tana fitowa a Tailan da Malesiya da Indunusiya da maƙwabtansu. Masana tsirrai suna kiran ta Mitragyna speciosa, mutanen Malesiya kuma suna ce mata ketum. 'Yar'uwar giyayyar da muka sani a fadamunmu ce ta fuskar dangi, amma bishiya ce daban, kuma abin da za mu faɗa bai shafi giyayya ba. Tun kaka da kakanni manoma da masu tatsar roba da masunta na can suke tauna ɗanyen ganyen ko su tafasa shi, domin su jure zafin rana da wahalar aiki. Kaɗan daga cikinsa yana wartsake mutum, mai yawa kuma yana kashe zafin ciwo ya saukar da kasala da gyangyaɗi. Gwamnatin Tailan ta haramta shi a 1943, kuma masu tarihi da yawa suna ganin ba lafiyar jama'a ce ta dame ta ba: a lokacin tana karɓar haraji a kan afyun, sai masu shan afyun suka riƙa komawa wa ganyen da ba a biya masa ko sisi. Haramcin ya zauna har watan Agustan 2021, lokacin da aka cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi. Malesiya kuwa tun 2003 ta saka babban sinadarinsa ƙarƙashin dokar guba ta 1952. Ita Indunusiya ba shan sa ne ya fi damun ta ba, fitar da shi ne, domin mafi yawan garin kiratom da ake sha a Amurka daga yankin Kalimantan ta Yamma yake zuwa, inda ya zama abincin dubban iyalai.

Abin da ya fi jan hankalinmu a tarihin ganyen shi ne abin da ya auku a lardunan Musulmi na kudancin Tailan, wato Fattani da Yala da Naratiwat. A can ne wani haɗi da ake kira 4x100 ya yaɗu tsakanin matasa: a tafasa ganyen, a zuba maganin tari da lemon kwalba da ƙanƙara, wani lokaci a ƙara ƙwayar barci. Masu bincike da suka zauna da waɗannan matasa sun ruwaito cewa daga cikin abin da ya ja su har da tunanin cewa wannan ba giya ba ce, don haka babu laifi a addini. Yaron da ba zai yarda a gan shi da kwalbar barasa ba, sai ya zauna da abokai su bugu da ruwan ganye, ya tashi yana ganin bai saɓa wa Allah ba. Wanda ya san yadda kodin ya shiga gidajen Kano da Jigawa kafin a hana shi a 2018, har cikin ɗakunan matan aure, ba zai ji wannan labari baƙo ba. Shi ma da sunan magani ya shigo, ba shi da warin giya, kuma kwalbarsa ba ta kunyata mai ita.

To, mene ne a cikin ganyen? Babban sinadarinsa ana kiran sa mitirajinin, sai wani ɗan kaɗan ƙwarai, shi ne 7-OH ɗin da muka ambata, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma hanta da kanta takan mayar da wani sashe na na farkon zuwa na biyun. Dukansu suna aiki ne a wurin da afyun da hirowin da mofin da tiramol da kodin suke aiki. Bari mu kwatanta wurin da kwaɗon ƙofa a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Hirowin makulli ne da ke buɗe ƙofar gaba ɗaya, shi ya sa yake kawo maye mai ƙarfi, shi ya sa kuma yake iya tsayar da numfashi. Sinadaran kiratom suna shiga kwaɗon nan ɗin, amma rabin buɗewa suke yi masa. Wannan ne ya sa ganyen shi kaɗai bai kai hirowin kisa ba, kuma wannan ne ya sa duk da haka yana kama jiki. Masu bincike na jami'ar kimiyya ta Malesiya da ke Penang sun wallafa a 2014 abin da suka samu daga mutum 293 masu shan ketum kullum: fiye da rabinsu ya kama su kamu mai tsanani, kuma idan suka daina sai ciwon yaye ya taso musu, da ciwon gaɓoɓi, da zubar hawaye da majina, da rashin barci, da ƙuncin rai da saurin fushi. Alamomin da aka sani ke nan ga mai barin afyun, ko da sun fi sauƙi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai magunguna uku da likitocin duniya suke yaye masu jarabar dangin afyun da su. Metadon yana buɗe kwaɗon gaba ɗaya, amma a hankali kuma na tsawon yini, ta yadda wanda aka daidaita wa ƙima ba ya buguwa, ba ya kuma jin azabar yaye, yana iya sallarsa da sana'arsa. Bufuranofin, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Suboxone idan an haɗa shi da nalokson, rabin buɗewa yake yi, sai dai yana manne wa kwaɗon da ƙarfin da ya fi na sauran ƙwayoyi. Naltirezon kuwa makulli ne da ke shiga ya toshe ramin ba tare da ya buɗe komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka biyun farko cikin jerin muhimman magungunanta tun 2005, kuma bincike mai yawa ya nuna cewa wanda yake kan ɗayansu haɗarin mutuwarsa yana raguwa da kusan rabi idan aka kwatanta da wanda ba ya kan magani. Amurka, wadda mutuwa ta sanadin zarce ƙima a shan ƙwaya ta haura mutum dubu 100 a kowace shekara daga 2021 zuwa 2023, ta koyi wannan darasi a kan gawarwakin 'ya'yanta.

Yanzu sai a duba abin da ke faruwa idan makullai biyu suka nufi kwaɗo ɗaya. Mutumin da jikinsa ya saba da kiratom, musamman mai shan wanda aka tace aka ƙara wa ƙarfi, idan ya saka bufuranofin a ƙarƙashin harshe alhali ganyen yana aiki a jikinsa, maganin zai iya fisge sinadaran ganyen daga wurinsu farat ɗaya. Ciwon yayen da zai zo a hankali cikin kwanaki sai ya afko cikin awa guda: gumi, murɗawar ciki, amai da gudawa, karkarwa, da wani irin tsoro da mara lafiya ke ji kamar ransa zai fita. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce ba a fara wannan magani sai alamun yaye sun bayyana da kansu, galibi bayan awa 12 zuwa 24 da shan ƙwaya mai gajeren aiki. Likitan da bai san akwai ganye a ciki ba zai yi lissafinsa a kan rabin labari. Mafi muni kuma, mara lafiyan da ya ɗanɗani wannan azaba a ranar farko sau da yawa ba ya komawa asibiti, yana cewa maganin ne bai karɓe shi ba. Idan kuwa mutum ya riga ya daidaita a kan bufuranofin sannan ya riƙa shan kiratom a kai, ganyen ba zai sami wurin zama sosai ba, sai ya yi ta ƙara yawa yana neman abin da ba zai samu ba, yana ɗora wa hantarsa da cikinsa kaya a banza. Abin lura a nan shi ne, wannan bufuranofin ɗin shi ne maganin da likitoci a Amurka suka fi amfani da shi yanzu wajen yaye waɗanda kiratom ya kama, har da mutanen da ba su taɓa shan wata ƙwaya ba kafin ganyen. Ganyen da aka tallata a matsayin hanyar tsira daga asibitin masu jaraba ya zama yana kai mutane ƙofar asibitin.

Naltirezon ya fi rashin sassauci. Ba a ba da shi sai an tabbatar mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu wani dangin afyun a jikinsa, domin yana toshe kwaɗon ne ba tare da ya ba jiki komai a madadi ba. Akwai na haɗiya, akwai kuma allurar da ke aiki wata guda, wadda idan ta shiga babu mai iya fitar da ita. An ruwaito a mujallun likitanci labarin mutanen da aka ba wannan magani domin su bar giya, wanda shi ma aikinsa ne, ba su faɗi cewa suna shan kiratom ba saboda a ganinsu shayi ne kawai, sai ga su a ɗakin gaggawa cikin ruɗewa da fisge-fisge. Ba ƙarya suka yi niyya ba, an tambaye su ƙwaya ne, su kuwa ganye suke sha.

Matsalar metadon ta wata fuska ce, kuma a ganinmu ita ce mafi haɗari domin ba ta da ƙara. Duka biyun suna saukar da barci suna raunana numfashi, don haka haɗa su ɗora nauyi ne a kan nauyi. Sannan hanta tana da wasu ma'aikata, sinadaran da ke narkar da magani su fitar da shi daga jini, kuma an tabbatar kiratom yana rage wa biyu daga cikinsu ƙarfi, waɗanda masana ke kira CYP2D6 da CYP3A. Na biyun yana cikin masu narkar da metadon da bufuranofin, saboda haka akwai fargabar ƙimar da likita ya auna daidai ta taru a jini ta wuce yadda ya nufa. Bugu da ƙari, an san metadon yana iya jinkirta wutar da ke tafiyar da bugun zuciya, kuma gwaji a ɗakin bincike ya nuna mitirajinin yana taɓa wannan hanya ita ma. Mutum zai kwanta lafiya lau, iyalinsa su ji yana minshari mai nauyi su ɗauka gajiya ce. A nan ya kamata mu ɗan karkata zuwa ƙwayar da ta fi damun mu: tiramol ma CYP2D6 ne ke sarrafa shi, kuma idan aka danne wannan ma'aikaci asalin ƙwayar yakan taru, wanda shi ne ke jawo farfaɗiyar da aka san masu shan tiramol da ita. Duk wanda ya ba mai shan tiramol shawarar ya haɗa da kiratom domin ya rage, bai taimake shi ba.

Wani abin da ke ƙara dagula al'amarin shi ne gwajin fitsarin da asibitoci suka saba yi ba ya nuna kiratom, sai an aika ɗakin bincike na musamman. Wannan ya sa wasu masu karɓar magani suke zaɓar sa da gangan, domin takardarsu ta fito fes. Cibiyar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta duba mutuwar mutum 27,338 da suka zarce ƙima tsakanin Yulin 2016 da Disambar 2017. An sami kiratom a jikin 152, an kuma lissafa shi cikin sanadin mutuwar 91. Kusan dukansu akwai wata ƙwaya tare da shi, mafi yawa fentanil, bakwai ne kawai ba a ga komai ba sai shi. Masu kare ganyen suna kafa hujja da wannan su ce ashe ba shi ke kisa ba. Mu kuwa abin da muka karanta a ciki shi ne haɗarinsa yana wurin haɗawa, kuma babu wanda ya fi kusa da haɗawa kamar mai jarabar da ke tsakiyar magani.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Akwai mutane da yawa a arewacin Malesiya da suka shaida cewa da ketum suka rage hirowin a lokacin da babu asibiti kusa da su, kuma ba mu da dalilin ƙaryata su. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba ganyen a 2021 bai ga isasshiyar hujjar da za ta sa a nufi haramta shi a duniya ba, ya ce dai a ci gaba da sa masa ido. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka ma ta sanar da niyyar hana shi a 2016, sai ta janye bayan jama'a da 'yan majalisa sun yi ca a kanta. Amma tsohon da ke tauna ganye biyu kafin ya shiga gonar roba daban, saurayin da ke haɗiyar ƙwayar 7-OH da aka sarrafa a masana'anta daban, ko da sunan da ke kan kwalin ɗaya ne. Kuma har yau babu wata hukumar magunguna da ta amince da kiratom a matsayin maganin jaraba, babu ƙima sananniya, ƙarfin gari yana bambanta daga buhu zuwa buhu.

Idan muka koma ga malamanmu, za mu tarar ba su bar wannan fage babu haske ba, ko da ba su san sunan bishiyar ba. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ: mai sa maye tare da nishaɗi da jin ƙarfi kamar giya, da mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da mai gusar da hankali da ji gaba ɗaya. Amfanin rarrabewar shi ne na farko najasa ne, akwai haddi a kansa, kaɗan ɗinsa da mai yawansa haramun ne, sauran biyun kuwa abin da aka haramta shi ne gwargwadon da ke taɓa hankali. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ya fi tsanantawa a kan wiwi, ya haɗa ta da giya a hukunci. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, hani a kan abin da ke sa maye da abin da ke kashe jiki. Duk ra'ayin da mutum ya bi, babu wanda ya ce ganye yana halatta don ganye ne. Afyun ma daga fure ake tatsar sa, zaƙami ma tsiro ne da Allah Ya halitta, kuma babu mai hankalin da zai ba ɗansa. Hukunci yana bin abin da abu ke yi wa hankali da jiki. Haɗin 4x100 da ake sha domin a bugu ba ya buƙatar dogon bincike.

Tambaya mai wuya ita ce ta metadon da bufuranofin, domin su kansu dangin afyun ne. Mun sha jin iyaye na cewa wannan ai sauya ƙwaya ne da ƙwaya, wasu kuma su kawo hadisin Ɗariƙ bin Suwaid da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi amincewa da giya a matsayin magani ya bayyana ta a matsayin cuta. Hadisin ingantacce ne, amma malaman da suka fi mu sanin sa ba su fahimci cewa ya rufe wannan ƙofa ba. Al-Haɗɗab, wanda ya rasu a 954 bayan Hijira, ya kawo mas'alar a Mawahibul Jalil, sharhinsa na Mukhtasar Khalil da ake karantawa a zaurukanmu: wanda afyun ya kama har yana tsoron halaka idan ya bari, an yarje masa ya yi amfani da gwargwadon da ba zai taɓa hankalinsa ba, tare da wajabcin ya tuba ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen ragewa har ya rabu da shi. An yi wa Ibnu Hajar Al-Haitami na Shafi'iyya irin wannan tambaya ya ba da amsa makamanciya, Ibnu Abidin na Hanafiyya kuma ya ɗauko ta a hashiyarsa. Shekaru ɗari huɗu ke nan kafin a buɗe asibitin metadon na farko. Ita kanta giyar, a hankali aka yaye sahabbai daga gare ta, daga aya ta 219 a Suratul Baƙara zuwa ta 43 a Suratun Nisa'i, kafin hukuncin ƙarshe a Suratul Ma'ida, kuma Nana A'isha ta bayyana hikimar wannan jinkiri a hadisin da Bukhari ya ruwaito.

Sai dai a lura da sharuɗɗan da ke cikin wannan rangwame, domin a nan ne ganyen da maganin suka rabu. Larura ta zama ta gaskiya, ƙima ta zama sananniya wadda ba ta gusar da hankali, manufa kuma ta zama fita daga cutar. Mai karɓar metadon a asibiti yana da wanda ke auna masa, yana da ranar dubawa, yana da wanda zai ce a ƙara ko a rage. Tsawon lokacin ma likita ne zai faɗa, kuma ga wasu shekaru ne, domin an ga yadda masu gaggawar yankewa suke komawa wa ƙwaya da jikin da ya manta sabo, ƙimar da suka saba sha a da ta kashe su. Wanda kuwa yake saye garin ganye ta intanet, shi ne mara lafiya, shi ne likita, shi ne mai awo, alhali cutar tasa ita ce ta rashin iya tsayawa a kan awo. Idan kuma yana kan maganin asibiti ya ƙara ganyen a ɓoye, larurar ta riga ta faɗi tun da an biya masa ita ta hanya mafi aminci, saura jefa kai ga halaka da aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana, da yaudarar wanda ya amince masa. Wannan fahimtarmu ce, fatawa a kan mutum ayyananne kuwa ta malaminsa ce bayan ya saurari likita.

Malesiya ta gwada wani abu da ya cancanci a san shi. Bayan ta fara shirin metadon na ƙasa a 2005, likitocin Jami'ar Malaya sun buɗe wurin ba da maganin a harabar masallacin Ar-Rahman da ke Kuwala Lamfur a 2010, da amincewar hukumomin addini. Mara lafiya zai zo ya yi alwala ya yi salla, ya zauna da malami, sannan ya karɓi maganinsa a gaban ma'aikacin lafiya. An sha suka da farko, wasu suna ganin an shigo da 'yan ƙwaya ɗakin Allah. Amma wanda ya fi buƙatar masallaci ai shi ne wanda aka fi kora daga cikinsa, kuma mutumin da ya saba da liman da likita a wuri ɗaya ya fi sauƙin buɗe baki ya ce jiya na sha ketum.

Wannan buɗe bakin shi ne abin da muka fi rasawa a gida. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin afyun na kemis suke sha. Duk da haka gidaje da yawa sun fi yarda su kai yaro gidan mari da su kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ko Kware ko Maiduguri, kuma mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa da Daura a 2019. Sarƙa tana hana ƙwaya shiga jiki na wata uku, ba ta cire jarabar, kuma yaron da ya fito shi ne ya fi kowa kusa da mutuwa a makon farko saboda sabonsa ya sauka. Gidan da ake dukan yaro idan ya faɗi gaskiya, gida ne da ake koya masa ɓoyewa, har ya ɓoye wa likita. A Sahihul Bukhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da hukunci, ba a kore shi daga jama'a ba.

Ga ɗalibanmu da ke Malesiya, ruwan ketum da ake sayarwa a leda a jihohin Kedah da Perlis laifi ne a dokar ƙasar ko da abokin karatu ya ce maganin gajiya ne. Ga 'yan'uwa da ke Amurka da Turai, kwalin da aka rubuta wa ganye ne zalla ba shaidar aminci ba ce. Ga wanda yake kan ɗaya daga cikin magungunan nan uku, ko za a fara masa, ya lissafa wa likita duk abin da yake sha, har shayi da jiƙo da garin da aka aiko masa, da lokacin da ya sha na ƙarshe. Idan azumi ya zo kada ya yanke maganin da kansa da sunan tuba, kada kuma ya musanya shi da ganye. Yawancinsu sau ɗaya ake sha a yini, likita yana iya mayar masa da lokacin zuwa sahur ko bayan buɗa-baki. Iyalin da suka ga mai shan waɗannan abubuwa ya yi barcin da ba ya farkawa idan an girgiza shi, numfashinsa ya ja baya, leɓɓansa sun sauya launi, kada su tsaya yayyafa ruwa ko ɗura masa madara. Su kwantar da shi a gefensa, su garzaya asibiti, su kuma tafi da kwalba ko ledar abin da ya sha, domin nalokson yana iya dawo da numfashi cikin 'yan mintoci idan an iso da wuri.